Me ya sa har yau ake gyaran masaukin Timberline da hannu?

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan masaukin baƙi na Timberline da ke gefen dutsen Hood a jihar Oregon ta Amurka, wanda aka sanya cikin manyan gine-ginen tarihi na ƙasar a 1977. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan labule ko shimfiɗa ta tsufa a wurin, da hannu ake yin madadinta, alhali ana iya sayo na kamfani da araha. Shin doka ce ta tilasta haka, ko kuwa ra'ayin masu kula da ginin ne?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin asalin ginin. An fara shi a 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, a ƙarƙashin hukumar WPA da aka kafa domin sama wa marasa aiki abin yi, kuma Shugaba Franklin Roosevelt da kansa ya je ya ƙaddamar da shi ranar 28 ga Satumba, 1937. Tunda manufar ita ce a ɗauki mutane aiki, sai aka fifita hannu a kan inji, aka haɗa ƙwararrun magina da masassaƙa da maƙera da waɗanda ke koyo a ƙarƙashinsu.

Tsakiyar ginin zaure ne mai kusurwa shida, da katafaren bututun hayaƙi na dutse da ya tashi daga ƙasa ya huda rufi, kewaye da ginshiƙai shida na itace waɗanda har yau ana ganin sawun gizago a jikinsu. An tsayar da rufin da gangara sosai domin dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, kasancewar wurin yana kan tsayin kusan mita 1,800. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba su raina tarkace ba: turakun matakala daga tsofaffin falwayoyi aka yanko su, aka sassaƙa tsuntsaye da dabbobi a kawunansu, ƙarafan murhu kuma daga layin dogo aka ƙera su. Wanda ya cire irin wannan ya sa na kamfani, ya rage wa ginin abin da ya sa aka karrama shi.

Mai Saƙa:
Na gode wa Baba Magini, amma a ƙara da aikin mata, domin sau da yawa ana mantawa da shi. Margery Hoffman Smith ce ta tsara adon cikin ginin, kuma mata ne suka saƙa yadin labule da na kujeru, suka yi dardumai daga tsofaffin barguna da kayan sawa na ma'aikatan gandun daji. Yadi ba ya daɗewa kamar dutse, shi ya sa ƙungiyar Friends of Timberline, wadda aka kafa a 1975, ta ɗauki nauyin sake saƙa su bisa zanen asali.

Lauyan Gine-gine:
A ɓangaren doka, Malam, shiga jerin manyan gine-ginen tarihi na ƙasar shi kaɗai ba ya hana mai gida mai zaman kansa sauya gininsa. Amma Timberline mallakar hukumar gandun daji ta tarayya ce, saboda haka dokar adana kayan tarihi ta 1966 ta wajabta mata duba illar duk wani babban gyara tare da tuntuɓar ofishin adana tarihi na jihar kafin a taɓa ginin. Dokar ba ta ce lallai a saƙa labule da hannu ba. Wannan himma ce ta mutane. An ga ranar himmar a 1955, lokacin da aka rufe masaukin saboda rashin kula da tarin bashi, har wani mai suna Richard Kohnstamm ya karɓi ragamarsa ya farfaɗo da shi.