Mako shida ya rage in sake jarrabawar Helenanci: in biya mai koyarwa ko in sayi littafi?

Ɗan Zonkwa:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina aji biyu a makarantar tauhidi, kuma na faɗi Helenanci na zango na biyu. Sigar bayani ba ta ba ni wahala. Inda na zube shi ne sauran sigogin aikatau: sabjontib (sigar abin da zai yiwu ko ake nufi), sigar umarni, da sigar fata da aka sako a tambaya ta ƙarshe. Za mu sake rubutawa nan da mako shida. Abin da ke hannuna naira 30,000 ne, ba ƙari. Wani ɗan aji huɗu ya ce zai riƙa zama da ni sau biyu a mako in na ba shi kuɗin duka. A ɗaya gefen kuma ba ni da littafin nahawun Helenanci na Mounce da malaminmu yake bi, handawut kawai gare ni da waya, kwamfuta babu. Wanne zan yi? Kuma da wace siga zan fara?

Ayuba Gombe:
Ɗan'uwa, koma kan haruffa da jerin sunaye ka faro daga tushe. Duk wanda ya faɗi a aikatau, ciwonsa yana can baya. Sannan ka sa manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Logos a kwamfutarka, kana taɓa kalma za ta feɗe maka ita, wato ta nuna maka lokacinta, sigarta da tushenta.

Malama Rifkatu:
Ayuba, ya ce ba shi da kwamfuta, kuma mako shida gare shi, ba shekara ba.

Ƙanena, fara da sigar umarni, ita ce mafi ƙarancin hadda. Babu mutum na farko a cikinta, na biyu da na uku ne kawai, kuma lokaci biyu za ka riƙe, mai ci (aiki yana gudana) da aoris (aiki a dunƙule). Ɗafa-ƙeya uku daga cikin huɗu ba sa canzawa: -τω, -τε, -τωσαν ga mai aikatawa, -σθω, -σθε, -σθωσαν ga tsaka-tsaki. Ka lura τ ne kawai ya koma σθ. Aoris na wanda aka yi wa aiki yana ɗaukar na farkon ne bayan θη, kamar a aikatau na misali λύω "kwance": λυθήτω, λύθητε, λυθήτωσαν. Saura mutum na biyu tilo, wanda ba shi da wata dabara sai hadda, kuma guda biyar ne: λῦε, λῦσον, λύου, λῦσαι, λύθητι.

Abu na biyu, ɗafa-goshin ε na aoris a sigar bayani kaɗai yake fitowa. ἐλύσατε "kun kwance" ne, λύσατε "ku kwance" ne. A nan ɗalibai suka fi zubar da maki, domin ido yana ganin σα sai hannu ya rubuta sigar bayani tun kafin a duba goshin kalmar.

Sabjontib kuma dogon wasali ne alamarta, ω da η: λύω, λύῃς, λύῃ, λύωμεν, λύητε, λύωσιν. Na aoris σ kawai za ka cusa, ƙeyar ba ta canzawa. Kuma ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. In ka ga ἵνα, ἐάν, ὅταν, ὃς ἄν ko οὐ μή, sa ran ganinta a gaba. Sigar fata kada ta ci maka ko yini ɗaya. Ba ta kai sau 70 ba a dukan Sabon Alkawari, alhali sigar umarni ta haura 1,600, sabjontib ta haura 1,800. Riƙe οι da αι da ει, riƙe εἴη da γένοιτο, ka wuce.

Bulus Bukuru:
Littafin ya fi. Mai koyarwa zai tafi, littafi yana nan. Sabo naira 45,000 ne a Jos.

Mama Talatu:
Wane 45,000? Da littafin aikin gida da ke binsa ya haura 70,000, kuma ba a rabuwa da shi, don a can atisayen yake. Amma 'yan aji huɗu masu fita suna sayar da tsoho a 12,000.

Bulus Bukuru:
Mama, wannan farashin shekarun baya ne. Yanzu tsoho ma ba ka samu ƙasa da 25,000, kuma sai ka tarar an cike amsoshin da biro.

Yakubu Mai Gita:
70,000? μὴ γένοιτο, wato Allah ya kiyaye! Kun ga, na koya masa sigar fata kyauta. Sigar umarni kuma ya je gidan kowane mai aure ya kwana biyu, zai haddace ta har da ta mutum na uku.

Malama Rifkatu:
Yakubu, kalmar taka ma tana fitowa a jarrabawa. Sau 15 take a Sabon Alkawari, 14 a wasiƙun Bulus, ɗaya a Luka 20:16. Game da littafi, babi uku yake bukata: 31 sabjontib, 32 infinitib (aikatau marar nuna mutum), 33 sigar umarni. Ya ari na wani ya zauna da su.

Baba Rabaran:
Ɗana, abin da zai amfane ka a kan bagade shi ne hani. Mu da littafin Wenham na 1965 aka horar da mu, kuma ƙa'idar da malamanmu suka dasa mana ita ce: μή da umarni mai ci yana nufin "daina abin da kake yi", μή da sabjontib na aoris yana nufin "kada ma ka fara". Duba Yohanna 20:17, μή μου ἅπτου. Maryamu ta riga ta riƙe shi, ya ce ta sake shi. Riƙe wannan, sauran ƙari ne.

Mai Fassara:
Baba, ranka ya daɗe, siffar da ka faɗa daidai ce, kuma dole ya san cewa a mutum na biyu ba a hani da umarnin aoris, sabjontib ake ɗauka. Amma ma'anar ba ta tsayawa a ko'ina. A Matiyu 6:25 Yesu ya ce μὴ μεριμνᾶτε, mai ci. A aya 31 da 34 ya ce μὴ μεριμνήσητε, aoris. Magana ɗaya ce, mutane ɗaya ne. Ba zai yiwu a ce a aya 25 suna cikin damuwa, a aya 34 kuma ba su fara ba. A Yohanna 3:7 an ce wa Nikodimu μὴ θαυμάσῃς da aoris, alhali tun aya 4 yake mamaki. Afisawa 5:18 ma, μὴ μεθύσκεσθε, ba shaida ba ce cewa ikilisiyar Afisa mashaya ce, gargaɗi ne na kullum. Ƙa'idar ta bazu ne ta littafin nahawu na Moulton na 1906, kuma tun ayyukan masana nahawu Porter a 1989 da Fanning a 1990 aka rage mata ƙarfi ƙwarai. Abin da ya tabbata shi ne, mai ci yana kallon aiki yana gudana ko yana maimaituwa, aoris yana kallonsa dunƙule. Ko an riga an fara, wannan mahallin ayar ne zai faɗa.

Misalin da ya fi fito da shi fili shi ne Addu'ar Ubangiji. Matiyu 6:11 ya ce δός tare da "yau". Luka 11:3 ya ce δίδου tare da "kowace rana". Ka ba mu, ka riƙa ba mu. Kuma ɗan'uwa, kada ka bi ta Turanci a kanka, Hausa ta fi kusa. ἀκουέτω a Matiyu 11:15 "ya ji" ne, umarni ne sosai, ba izini ake bayarwa ba. προσερχώμεθα a Ibraniyawa 4:16 "mu matso" ne. μή da sabjontib kuwa ginin "kada ka" ne sak.

Baba Rabaran:
Kai yaro, shekara nawa ka yi kana kiwon ikilisiya? Masu tebur suna rushe abin da ba su gina ba.

Mai Fassara:
Baba, ban raina aikinka ba ko kaɗan. Ayoyin nan na gabanmu, kowa ya buɗe ya gani.

Mama Talatu:
Ku duka biyu ba ku ne za ku yi makin takardarsa ba. Ya duba abin da malaminsa ya rubuta a handawut a kan hani, shi zai rubuta ranar jarrabawa.

Ɗan Biliri:
Handawut ɗin nan shi ne ya kashe wa ƙanena karatu, don haka kada wanda ya ce masa ya dogara da shi. Ba zan kama sunan makarantar ba. Abin da ake sayar musu kwafin kwafin kwafi ne. Ƙaramar yota ta ƙasan η ta ɓace gaba ɗaya, alamomin sauti na sama kuma sun zama ɗigon baƙi, ba ka bambanta mai lanƙwasa da mai tsaye. To a aikatau masu haɗe wasali, alamar nan ita ce komai. ποίει umarni ne, "yi". ποιεῖ kuwa "yana yi" ne. Haruffa ɗaya, wurin alamar da siffarta kawai suka bambanta. Yaron ya haddace jerin daga takardar da ba ta nuna wannan ba. Ranar jarrabawa aka kawo Matiyu 9:9, ἀκολούθει μοι, a takarda mai tsabta. Ya feɗe ta a matsayin sigar bayani, mutum na uku, ya fassara "yana bi na". Tsarin makin kuwa gurbi shida ne: lokaci, murya, siga, mutum, adadi, tushen kalma. Ka kuskure ɗaya, sifiri ne a kalmar duka. Haka ya yi da ῥῦσαι na Matiyu 6:13, ya ce infinitib ce saboda -σαι, alhali umarnin aoris ne na tsaka-tsaki daga ῥύομαι, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa λῦσαι fuska biyu gare ta. Ya samu 38, ana neman 40. Ya nemi a nuna masa takardarsa, aka ce ba a yi. Kwas ɗin sau ɗaya ake bayarwa a shekara, ga shi sharaɗi ne kafin a shiga tafsirin Sabon Alkawari, sai shekara guda ta tafi. Ikilisiyar da ke biya masa ta ce ta yi alkawarin shekara huɗu ne, ba biyar ba. Yanzu yana gida yana noma. Yaron da ke karanta Yohanna sura ta ɗaya da Helenanci ba tuntuɓe. Maki biyu.

Ayuba Gombe:
Kai, Allah ya ba shi haƙuri. Wannan zalunci ne.

Malama Rifkatu:
Abin da ciwo, Ɗan Biliri. Ƙanena mai tambaya, ɗauki darasi biyu daga nan. Kada ka haddace komai daga fotokwafi sai ka gwada shi da rubutu mai tsabta. Akwai Sabon Alkawari na Helenanci bugun SBL (ƙungiyar masana Littafi Mai Tsarki) kyauta, kuma shafin STEP Bible yana buɗewa a waya, yana nuna alamomin duka. Sannan ka san masu fuska biyu tun yanzu. λύετε da λύεσθε iri ɗaya suke a sigar bayani da sigar umarni, shi ya sa masana suke ta muhawara a kan ἐραυνᾶτε na Yohanna 5:39 da πιστεύετε na 14:1. In an hana da μή umarni ne, in da οὐ bayani ne. In babu ko ɗaya, rubuta duka biyun ka faɗi wanda mahallin ya fi goyon baya. Ƙara da 'yan tawayen da ba sa bin λύω: δός, ἄφες, εἰπέ, ἐλθέ, ἴδε, γνῶθι, ἀνάστηθι, ἴσθι, ἔστω. Don atisaye, Matiyu 6:9-13 tukuna, addu'ar kanta aoris ce daga farko har ƙarshe, sannan wasiƙar Yakubu, aya 108 ce amma umarninta ya haura 50. Kullum aya goma, ka feɗe kowane aikatau a rubuce kafin ka taɓa wayar.

Ɗan Zonkwa:
Na gode ƙwarai Malama, na kwafe duka. To kuɗin fa, in ba ɗan aji huɗun?

Bulus Bukuru:
30,000 ya yi yawa. A wajenmu 1,000 ake ba su kowane zama, zama 12 ke nan 12,000.

Mama Talatu:
A wajenmu ba a ma karɓar kuɗi, sabulu da kati ake saya musu. Ka fara gwada shi: ba shi Matiyu 28:19 ka ce ya nuna maka umarni. In ya ce πορευθέντες, da ake fassarawa "ku tafi", riƙe kuɗinka. μαθητεύσατε "ku almajirtar" ne kaɗai sigar umarni a wurin, sauran fatisiful ne, wato aikatau mai aiki kamar sifa.

Mai Fassara:
Mama, haka ne a siffa, amma kada ya ɗauka "ku tafi" kuskure ne. Fatisiful na aoris da ya riga umarni yakan ɗauki ƙarfinsa, kamar ἐγερθεὶς παράλαβε a Matiyu 2:13, "tashi ka ɗauki yaron".

Ɗan Biliri:
Ku bar zancen fatisiful. Tambayata ita ce, don me ake tilasta wa ɗalibi sayen handawut ɗin da ba ya karantuwa? Ƙanena naira 3,500 ya biya, kuma ana rubuta sunan wanda ya saya.

Ayuba Gombe:
Namu 5,000 ne, shafi 40. A bakin ƙofa kuwa fotokwafi naira 50 ne shafi, ka lissafa.

Mama Talatu:
Ba laifin malamai kaɗai ba ne. Wani wata uku ba a biya shi ba, da me zai ci? Ku tambayi majalisun ikilisiya da ke tura ɗalibai ashirin amma ba sa sayen Sabon Alkawari na Helenanci ko guda biyar su ajiye a laburare. Inda na sani guda biyu ne, suna kulle a kabad, mai makullin kuma ƙarfe huɗu yake tashi, daidai lokacin da ɗalibai suke fitowa daga aji.

Baba Rabaran:
Wannan maganar na kai ta gaban majalisa ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ita ce a bari a gama ginin ofis tukuna. Ana sayen kujerun roba ɗari biyu don taron shekara, amma littafi ɗaya sai an kafa kwamiti.

Ɗan Biliri:
To Baba, wa ke zaɓen 'yan kwamitin? Kuma kuɗin laburare da ake karɓa a hannun kowane ɗalibi duk zango, ina yake shiga?