Shin kitse zaman banza yake yi a jiki?

Kawu: Ni dai abin da likita ya ce mini a Ringim ke nan, kitse ba ya tsinana komai sai toshe jijiya. Tun ranar na yi sallama da man shanu.

Malamin makaranta: Kawu, Allah ya ja kwana, rabin zancen ka riƙo. Kowace ƙwayar halitta a jikinka lulluɓe take da tantanin maiƙo, kuma daga tantanin nan ake aika saƙo. In ka ji ciwo, wani enzayim, wato sinadarin da ke sarrafa abubuwa a jiki, yakan tsinko maiƙon arakidonik daga tantanin, wani mai suna COX ya mai da shi furostagalandin, mai kawo kumburi da zogi. COX ɗin asfirin yake toshewa. John Vane na Ingila ya gano haka a 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982.

Anti nas: Malam, ka bar wanda ya fi damuna. Furostagalandin ɗin nan shi ke kare bangon ciki. Mutum ya dawo daga gona kullum ya afa diclofenac, maganin ciwon jiki da shi ma COX yake toshewa, ba ko loma a cikinsa, ya kashe mai gadi, sai gyambon ciki. Misoprostol da muke ba mai jego in jini ya ɓalle ma kwaikwayon furostagalandin aka yi.

Kawu: To ashe in koma wa man shanuna.

Malamin makaranta: A'a, ban ce ba! Maiƙon ma gida biyu ne. Akwai seramayid, in ya taru sai ƙwayar halitta ta kashe kanta. Akwai ɗan'uwansa S1P da ke ce mata ta zauna ta hayayyafa. Tsatsonsu ɗaya, wasu enzayim ne ke juya wannan ya koma wancan. Wanda ke ƙera S1P yakan yi yawa a wasu cututtukan daji, yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin halittar dajin ƙin mutuwa.

Anti nas: Kuma irin kitsen da ke daskarewa, da shi jiki ke haɗa seramayid. Kawu da ciwon suga, likitansa bai yi ƙarya ba.

Kawu: Ku ’yan boko kun ba ni da dama kun karɓe da hagu. Cokali ɗaya a tuwon dawa ranar Juma'a fa?

Anti nas: Ka zo a auna suganka ranar kasuwa tukuna, Kawu.