Ƙofa ɗaya ga manhajoji uku: ina ya kamata izini ya zauna?

Baƙon Zariya:
Assalamu alaikum. Ina kula da manhajoji uku na wata ƙungiyar adashi da bayar da rance: ta mambobi a waya, ta ma'aikatan ofis, da ta akanta. Kowacce tana da nata rumbun sunaye da kalmomin sirri, saboda haka idan ma'aikaci ya bar aiki sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina goge sunansa, kuma a watan jiya na tarar da wani da ya tafi tun bara har yanzu yana iya shiga manhajar akanta. Ina son in ɗora Keycloak, manhajar da ke tantance masu shiga, a sabar da muke haya a girgije domin kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya. Shin in zuba dukkan izinin mutum a cikin tikitin shaida da Keycloak ke ba mutum idan ya shiga, ko kuwa kowace manhaja ta riƙa yanke hukunci da kanta?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Zaɓinka ya yi. Red Hat ce ta fito da Keycloak a 2014, kuma tun 2023 yana ƙarƙashin gidauniyar CNCF. Ka haɗa manhajojin da shi ta OpenID Connect, tsarin tantance mai shiga wanda aka gina a kan tsarin ba da izini na OAuth 2.0. Sai dai ka bambanta abu biyu: sanin ko wane ne mutum, da sanin abin da aka yarje masa. Tikitin, wanda ake kira JWT, yana ɗauke da sa-hannun Keycloak, manhaja kuwa tana tabbatar da shi da mabuɗin fili ba tare da ta sake tambayar kowa ba, wanda ke nufin ko ka kori mutum yanzu, tikitin da ke hannunsa zai yi aiki har wa'adinsa ya cika. Shi ya sa aka sanya masa minti 5 tun asali, kuma ina ba ka shawara kada ka tsawaita shi don gudun ƙorafi. Manyan muƙamai kawai za ka sa a ciki, kamar akanta ko manajan reshe. Doka irin ta cewa manajan reshe ba ya amincewa da rancen wani reshe, wannan aikin manhajar ce, domin ita ta san rancen.

Uwar Biyu:
Ƙari a kan bayanin Tsohon Injiniya: kada ka ɓoye wani sirri a cikin manhajar waya, domin duk wanda ya sauke ta zai iya tono shi, ka yi amfani da PKCE, hanyar shiga da ba ta buƙatar ajiye sirri a manhajar. Ga masu taɓa kuɗi kuma ka tilasta mataki na biyu na tantancewa bayan kalmar sirri da manhajar FreeOTP, wadda ke sauya lamba duk daƙiƙa 30 ko babu sabis, maimakon saƙon tes da kan makara a ƙauyuka. Sharaɗinsa ɗaya ne, agogon wayar ya zama daidai.

Mai Gadin Saba:
Ni tsorona daban ne. Ranar da ƙofar ta faɗi, babu mai shiga ko ɗaya daga cikin ukun. Kada ka bar Keycloak a kan rumbun bayanai na gwaji na H2. Ka koma rumbun PostgreSQL, ka riƙa ajiye kwafi a wata sabar. Ka kuma yi hattara da darussan da aka rubuta kafin fitowar Keycloak ta 17, lokacin da aka sauya tushen da yake gudana a kai daga WildFly zuwa Quarkus, domin umarninsu ya sauya.

Baƙon Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To, tsofaffin kalmomin sirrin fa? Da tsarin ɓoye kalmomin sirri na bcrypt aka kulle su.

Tsohon Injiniya:
Keycloak ba ya karɓar bcrypt kai tsaye sai an ƙara masa wani ɓangare. Ma'aikata ba su da yawa, ka shigar da sunayensu ka sa kowa ya zaɓi sabuwar kalma a shigarsa ta farko. Mambobi ne za su buƙaci wancan ƙarin ɓangaren, domin da yawansu ba su da imel ɗin da za a aika musu hanyar sauyawa.