Bangon da aka cire a 1895: John Lane ya yi daidai ko ya ci amana?

Mai Ɗab'i: Ni dai ina nan kan bakana. John Lane, mai kamfanin da ke buga mujallar The Yellow Book (wato littafi mai ruwan ɗorawa), bai yi laifi ba da ya kori mai zanen mujallar, Aubrey Beardsley, ya cire zanensa daga fitowa ta 5. An kama marubucin nan Oscar Wilde bisa zargin luwaɗi ranar 5 ga Afrilu 1895, jaridu suka ce yana riƙe da littafi mai ruwan ɗorawa, mutane suka ɗauka mujallar ce, suka je suka farfasa tagogin kamfanin a Landan. Mai jari ya zuba ido a ƙona masa shago?

Malama: Haba Alhaji. Littafin da ke hannun Wilde wani ƙagaggen labari ne na Faransanci, launin bango ne kawai ya zo ɗaya. Wilde bai taɓa rubutu a mujallar ba ko sau ɗaya. Laifin Beardsley bai wuce ya yi wa wasan Wilde, Salome, zane a 1894 ba. Yaro ɗan shekara 22, ga tarin fuka na cin sa, aka raba shi da abincinsa.

Mai Ɗab'i: Malama, marubutan gidan ne da kansu, irin su William Watson, suka ce ko shi ko su. Lane yana Amurka, ta wayar tangarahu ya yanke hukunci.

Mai Zane: Ranka ya daɗe, abin da ke ci mini rai shi ne bangon kansa. Beardsley ya riga ya gama shi: wata halitta mai ƙafar akuya zaune a gindin bishiya tana karanta wa wata mace littafi. Baƙar tawada ce zalla a farar takarda, ba inuwa, don da haka za a ɗauki hotonsa a yi hatimin ƙarfe a buga a kan yadin bango. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin zane ya san layi ɗaya ya karkace, aikin kwana uku ya tashi a banza. Aka ajiye shi, aka sa na wani mai zane, Patten Wilson. Kuma saboda gaggawa suka manta da bayan bangon da ƙashin bayan littafin, aka fito da su da zanen Beardsley. Sun kore shi, suna kuma sayar da hannunsa a kan sule biyar!

Ɗalibi: Yaya, to ai bai ɓata ba ke nan, tunda har ka san kamanninsa.

Mai Zane: Takardar ta tsira, ƙanena, wani mai ɗab'i, Leonard Smithers, ma ya yi amfani da zanen daga baya. Amma don yadi mai ruwan ɗorawa aka zana shi, kuma a kansa ne bai taɓa fita kasuwa ba. Wannan ita ce asarar.

Mai Ɗab'i: Na ji. Sai dai mujallar ta rayu har 1897, fitowa 13. Da an bar shi, wa ya san ko za ta kai ta 6?

Malama: Ta rayu, Alhaji, amma yau in an ambace ta, fitowa huɗun farko ake nufi. Beardsley kuwa ya koma mujallar The Savoy a 1896, ya rasu a Menton ta Faransa a Maris 1898 yana da shekara 25.

Mai Ɗab'i: Korar zan iya kāre ta. Bayan bangon nan da aka bari ne ban da amsarsa.