Tambaya kan haɗa tawaga a Baldur's Gate 3: mai warkarwa na biyu ne mafita?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni uku ke nan da na fara buga wasan bidiyo na Baldur's Gate 3, kuma wannan ne karona na farko da wasan da ake faɗa bi da bi, kowa ya jira layinsa kafin ya kai duka. Tawagata tana mataki na 4: ni na ɗauki matsafi irin mai koyon sihiri daga littafi, sai Gale wanda shi ma haka yake, sai Astarion mai kai hari a ɓoye da Shadowheart mai warkarwa. Na isa sansanin goblin (wasu ƙananan dodanni) da ke babi na farko, kuma sau biyar ina gwabzawa da Dror Ragzlin, ɗaya daga cikin shugabanninsu, ana karkashe mu. Kullum abu ɗaya ne ke faruwa, wato kafin zagaye na uku matsafan nan biyu sun zube, Shadowheart kuma ta ƙarar da sihirinta wajen tayar da su, da ta tayar da wannan sai wancan ya sake faɗuwa. Tunda mutum huɗu kawai wasan ya yarda a fita da su, ina tunanin in ajiye Astarion in ɗauki mai warkarwa na biyu daga wurin Withers, wanda ake hayar 'yan tawaga a hannunsa. Shin hakan zai yi amfani, ko akwai abin da nake kuskurewa?

Tsohon Hannu:

Wa'alaikumus salam, Malam. Mai warkarwa na biyu zai tsawaita wahalar ne kawai, domin dokokin da kamfanin Larian ya gina wasan a kansu, wato bugu na biyar na wasan tebur na Dungeons & Dragons, sun sanya warkarwa ta zama ƙarama idan aka auna ta da ɓarnar da abokan gaba ke yi. Ka duba lissafin da kanka. Sihirin Healing Word a hannun Shadowheart yana mayar da makin rai 4 zuwa 7, alhali sara ɗaya daga Ragzlin yakan ci fiye da haka, ga kuma maharban da ke kewaye da shi. Ƙari a kan wannan, wanda aka tayar daga faɗuwa yana rasa babban aikinsa a wannan zagayen, don haka ka kashe gurbin sihiri, wato ɗaya daga cikin ƙayyadaddun damar jefa sihiri, ka tayar da mutumin da ba zai iya kai duka ba.

Abin da ya kamata ka riƙa ƙirgawa shi ne yawan damar aiki da kowane ɓangare ke samu a zagaye guda. Ku huɗu ne, su kuwa sun fi ku yawa nesa ba kusa ba. Goblin ɗin da ya rage masa makin rai ɗaya yana harbi daidai da wanda ba a taɓa ba, saboda haka raunata mutum biyar ba tare da kashe ko ɗaya ba asarar zagaye ce. Ku taru a kan ɗaya har ya faɗi, sannan ku koma kan na gaba, ku fara da maharba da masu sihiri tunda su ne ke kayar maka da matsafa daga nesa.

Ita kuwa Shadowheart, mafi alherin abin da za ta yi a zagayen farko shi ne Bless. Yana ƙara 1 zuwa 4 a kan kowace jifar ɗan lido mai fuska 20 da mutum uku za su yi wajen kai hari ko kare kai daga sihiri, wanda a matsakaici ya kai ƙarin kashi 12 da rabi cikin ɗari na samun bugu. Sai dai sihiri ne mai buƙatar tattara hankali, don haka idan aka buge ta za ta yi jifar riƙe shi, idan kuma ta jefa wani sihirin mai irin wannan sharaɗi na farkon ya warware. Ka ajiye ta inda kibiya ba za ta same ta cikin sauƙi ba. A ƙarshe, ni da ni ne zan ajiye ɗaya daga cikin matsafan in ɗauko mayaƙiya, Lae'zel ko Karlach, domin ba ka da wanda zai tare gaba.

Mai Littafin Sihiri:

Na yarda da lissafin Malam Tsohon Hannu gaba ɗaya, amma ban goyi bayan shawararsa ta ƙarshe ba. Matsafa biyu ba aibi ba ne, matuƙar ba aiki ɗaya suke yi ba. Kowane mutum sihiri ɗaya mai tattara hankali zai iya riƙewa a lokaci guda, ke nan kai kana da damar riƙe uku a tawagarka, abin da mai tawagar mayaƙa ba shi da shi. Ina zargin dukansu biyu wuta kake sa su jefawa, shi ya sa ake cin ka.

Ka ba ɗaya aikin ɗaure abokan gaba. Sleep yana kwantar da masu jimillar makin rai 24, ba ya buƙatar tattara hankali, kuma a kan ƙananan goblin yana cire biyu ko uku daga faɗan nan take. Hold Person yana kama Ragzlin kansa, kuma duk bugun da aka yi wa wanda aka ƙame daga kusa yana zama mummunan bugu mai ninka ɓarna, wanda a nan ne Astarion da kake son korarsa zai nuna maka amfaninsa. Ɗayan matsafin kuma ya dasa Cloud of Daggers, wato gajimaren wuƙaƙe masu yankan duk wanda ya shiga, a bakin ƙofa, ya bar su su ratsa ta cikinsa. Kada ka manta da Mage Armour, wato sulken sihiri, bayan kowane dogon hutu, domin matsafi marar shi kusan tsirara yake a filin daga.

Maharbin Saman Rufi:

Abin da ba a taɓo ba shi ne inda ake tsayawa. Wanda ya harba daga tudu yana samun ƙarin 2, wanda ya harbo daga ƙasa zuwa sama kuma a rage masa 2. A cikin wannan ginin akwai tsani da ke kaiwa kan gungumen rufi, sai ka raba tawagarka ka hau da matsafan da Astarion tun kafin a fara faɗa, ka buɗe da hari daga ɓoye domin su rasa zagayensu na farko. Ka kuma farfasa gangunan yaƙin da ke wurin tukuna, in ba haka ba za su buga su kira maka taron da ba ka shirya masa ba. Hankaɗa ƙaramin aiki ne a wannan wasa, wato ba ya cinye babban aikin zagaye, kuma wanda aka tura cikin rami mai zurfi ya tafi ke nan, amma har da kayan da ke jikinsa.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi ta saman rufin, na fara da Bless da Sleep, Hold Person bai kama ba sai a karo na biyu, amma mun ci faɗan mutum ɗaya kaɗai ya faɗi. Yanzu tambayata ita ce, in sauya wa gwarzona aji, wato ya bar matsafi ya koma wani fanni, tun yanzu, ko in dakata?

Tsohon Hannu:

Withers zai sauya maka a kan zinare 100 duk lokacin da ka so, don haka babu gaggawa. Ka dakata har mataki na 5, inda mayaƙa ke samun hari na biyu, matsafa su samu Fireball (dunƙulen wuta mai fashewa) da Haste (mai ƙara wa mutum aiki a zagaye), Shadowheart kuma ta samu Spirit Guardians (ruhohi masu raunata abokan gaban da suka kusance ta). Daga nan ka gwada Lae'zel da Haste a kanta a faɗa biyu ko uku kafin ka yanke hukunci.