Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Mai tumatir, Farin Gada: Jama'a ku raba mana gardama. Ƙanina ɗan jami'a ya ce wasu attajiran Amurka sun karkata sadakarsu ga binciken yadda ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta (AI) ba za ta gagari ɗan Adam ba. Na ce ana ta kai, wa yake ta kaya? Wai na jefa karin maganar ba a muhallinta ba.

Malamar asibiti, Gangare: Yaya, daidai ka jefa. Zazzaɓin cizon sauro na kashe kusan mutum dubu 600 a shekara, akasari yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma Najeriya ce kan gaba. Da damina na sha karɓar yaro jiki kamar garwashi, uwar na kwance ƴan canji daga bakin zani. Wannan yaron shi ne kai. Kwamfutar da ba ta yi tawaye ba tukuna, kaya ce.

Ɗan jami'a: Anti, a gafarce ni. A 2023 Geoffrey Hinton, masanin fasahar da ya bar Google, da Sam Altman mai ChatGPT sun sa hannu a takardar da ta jera haɗarin fasahar nan da annoba da yaƙin nukiliya. In hasashensu ya tabbata, kan kowa ne, har na yaron. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba, Anguwan Rogo: Yaro, karin maganarka ta kafin tafiya ce, ta yayanka ta tsakiyar wuta ce. Da kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a 2002, da ta yayanka muka riƙa lallashin juna muna kallon toka. Ba ta hana mutum tanadin ruwa tun kafin gobara ba. Amma wanda wuta ke lasa shi ke faɗinta. Wanda ya ƙoshi a Kaliforniya bai isa ya zaɓa mana wanne ne kaya ba.

Malamar asibiti: Kuma Baba, mun ga aikin kuɗin nan da idonmu. Ɗigon rigakafi gida-gida, da tallafin irin su Bill Gates da Ɗangote, shi ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da nau'in shan inna da ake kira na daji a 2020.

Ɗan jami'a: Ai rigakafi kika ce, Anti. Maganata kenan!

Mai tumatir: To, ka je ka fafe goranka. Malama, gidan sauron yarana ya yage, yaushe za a yi rabo?