Kuɗin azurfar Rumawa: yaya ake gane na gaskiya?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Wasu masu dawowa daga Libiya suna nuna ƙananan kuɗin azurfa a Kasuwar Dole ta Damagaram, da kan sarki a fuska ɗaya da rubutun Latin kewaye, suna cewa na Rumawa ne. Kafin mutum ya saka kuɗinsa, me zai duba?

Maƙerin Zengo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sikelin masu zinariya. Dinari, wato kuɗin azurfar Rumawa, a zamanin Sarki Ogustus yana kusan giram 3.9, azurfa ce kusan zalla. Sarki Nero ya rage shi zuwa wajen 3.4 a shekara ta 64 miladiyya, ya kuma ƙara masa jan ƙarfe. In an ce maka dinari ne amma ya haura giram 5, ajiye shi.

Sai ka duba gefensa. Rumawa bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, shi ya sa na gaskiya ba ya zagaye cif, har yakan ɗan tsage a baki. Na jabu yawanci zubi ne. Za ka ga siririn layi a gefe inda mazubin ya haɗu, ko sawun zarto inda aka goge layin, da ƙananan ramuka na kumfa, haruffan kuma kamar sun narke. In mai kaya ya fito da biyu masu kama ɗaya har tabonsu, to mazubi ɗaya ya haife su.

Malam Mai Tarihi:
Ina ƙari kan maganar Yaya. Dubi abin da ke kan sarkin. In ganye ne, dinari ne. In kambi ne mai tsinaye kamar hasken rana, antoniniyanus ne, wanda Sarki Karakalla ya fito da shi a shekara ta 215, darajarsa dinari biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Zuwa ƙarshen zamanin Sarki Galiyenus, wajen 268, azurfar cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba, shafe ce kawai aka yi wa tagulla. Saboda haka jan da ke leƙowa a jikin irin wannan ba alamar jabu ba ce.

Rubutun ma yana ba da shekara. AVG na nufin sarki, lambar da ke bin TR P kuma tana ƙirga shekarun ikonsa. Mutanenmu sukan so na Septimiyus Seberus (193 zuwa 211) don a Leptis Magna ta Libiya aka haife shi. Amma a tambayi inda kaya suka fito, domin abin da aka tono a kufai ba da izini ba ganimar sata ce, kuma kan iyaka yana iya zama matsala.

Hajiya Mai Adana:
Don Allah kada a wanke da tsamiya, lemun tsami ko toka. Wannan duhun da ke jikinsa shi ne kariyarsa, kuma da an goge shi farashi ya faɗi. Tatattun ruwa na kantin magani da burushi mai laushi sun isa. Na tagulla a lura da shi da damina: in kore mai gari-gari ya fito, gishiri ne ke cinsa da taimakon laima, kuma ba ya tsayawa da kansa. A ware shi, a busar, a sa kowane a ambulan ɗin takarda daban, ba a leda mai laushi ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Gobe sai na bi ta wurin Yaya da guda biyu a auna.